Matasan studiyo, ku fara da baki kafin ku taɓa ordinatar

Yau maganarmu da ƙannenmu ce, masu haɗa kiɗa da FL Studio a ɗakunan Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai. Mu da ke zaune bayan mikro a gidajen radiyo, duk mako sai an kawo mana sababbin waƙoƙi cikin kle ko ta WhatsApp, a ce a taimaka a sa. Muna saurare, kuma muna son mu sa. Amma gaskiya ɗaya ce: da yawa cikinsu, in waƙar ta ƙare, babu abin da ya rage a kunne. Ganguna sun cika, ƙarar ta kai, sai dai karin waƙar ba a iya maimaita shi, bas ɗin kuma ko dai ya ɓace ko ya danne kowa.

Mafi yawan masu koyo suna ganin matsalarsu ta kayan aiki ce. In da na samu wani lojisiyel, in da na samu babban klaviye. Mu ba mu yarda da wanga zance ba. Mamman Sani ya ɗauki faifansa na farko a 1978 da orga guda, kuma shekara da shekaru kiɗansa ke cike tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin na ƙasa. Yawancin karinsa daga waƙoƙin gargajiyar ƙasar nan ya ɗauko su. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fiddo faifan, duniya ta saurara. Mdou Moctar kuwa, faifansa Anar da anka ɗauka a Sakkwato a 2008, daga waya zuwa waya ya yaɗu har ya ƙetare hamada. Ba tsadar na'ura ta kai su can ba. Kari ne da mutum ke ji sau biyu ya riƙe.

To ta ina mai koyo zai fara? Da bakinsa. Kafin ka buɗe ordinatar, rera karin da murya, ka ɗauka a wayarka, ka ajiye har gobe. In gari ya waye kana iya tuno shi ba tare da ka kunna ba, ka samu abin aiki. In ka manta, mai saurare ma zai manta. Wanda ya fara da danna not da linzami yana neman wanda ya yi daɗi, ido ne ke masa aiki, ba kunne ba.

Na biyu, kada ka tara not da yawa. Kiɗan gurmi, garaya da goge da munka tashi da su, galibi kan sautuka biyar suke tafiya. A klaviye ka riƙe do, re, mi, sol, la, ko kuma ka tsaya kan baƙaƙen maɓallai kaɗai, su ma biyar ne. Cikinsu da wuya ka faɗa rami. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi waƙa shekaru masu yawa, babu wanda ya ce sautinsa ya yi kaɗan. Ka gina ɗan gajeren jimla, ka maimaita ta, a karo na uku ko na huɗu ka canza ƙarshenta. Tsarin jagora da ƴan amshi ke nan da kowa ya sani: ɗaya ya kira, ɗaya ya amsa.

Akwai kuma abin da darussan YouTube na Faransanci da Turanci ba za su faɗa maka ba, don harshensu bai da shi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kukan yaro daban, kukar miya daban. Wuyan riga daban, wuyar rayuwa daban, kuma murya ce ke raba su. In karinka ya hau inda kalma ke sauka, ka karya kalmar. Shi ya sa wasu waƙoƙin samari, Bahaushe ne ya rera, amma tsohuwa a gida sai ta tambaya wane yare ne wanga. Ka faɗi baitin da magana tukuna, ka ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan ka bar karin ya bi sawunsa. Makaɗan kalangu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa gangarsu ke magana.

Sai bas. Aikinsa shi ne ya riƙe waƙa daga ƙasa, ba gasa da mawaƙi ba. In akor ɗinka huɗu ne, misali la, fa, do, sol, ka fara da ba kowane akor tushensa kawai, not guda. Ka saurara. In ya zauna, sannan ka motsa shi: ka jinkirta bugu ɗaya, ka haura oktab ka dawo, ka bar wani wuri fayau. Inda mawaƙi ke zuba kalmomi, bas ya yi haƙuri. Inda ya ja numfashi, bas ya yi magana. Kuma ka kula da kik. Su biyun wuri guda suke zama a ƙasan sauti, in sunka faɗo tare da ƙarfi ɗaya sai su zama gurnani. Ko ka raba musu lokaci, ko ka sa bas ya ɗan sunkuya duk sanda kik ya buga.

Ga inda mu ƴan radiyo muke da ta cewa fiye da kowa. Wanga bas na 808 da kuke ƙauna, mai girgiza ƙirji a ekutar, yawancinsa ƙasa da hertz 60 yake. Lasifikar waya da ƙaramar radiyo mai batir ba su iya fitar da shi. To su wa ke sauraronku? Ɗan kabu-kabu, mai shayi, samari a fada, manomi da radiyo rataye a reshe. Wurinsu waƙarka ta iso babu ƙafafu. Maganin ba wuya: ka ɗora wani bas ɗin oktab guda sama, ko ka ɗan ƙara masa kaushi don ya samu sautin da ƙaramar lasifika ke kamawa. Kafin ka kai waƙa ko'ina, ka tura ta waya mai araha ka ji. In bas ya fito a nan, zai fito ko'ina.

Wani zai ce duniya ta ci gaba, Legas da Abijan ake bi, me ya kawo gurmi cikin zancen? Ba mu ce kada a saurare su ba, mu ma muna sa su. Amma in ka sauko da kiɗan da anka riga anka haɗa daga intanet ka ɗora murya, ka sani wasu ɗari sun sauko da shi. Abin da ba su da shi sai kai, shi ne karin da ka ji wurin biki a unguwarku da yadda harshenka ke lanƙwasa.

Kuɗin studiyo gumi ne, wani na iyaye ne, wani bashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna da kari da bas har su tsaya su biyu kaɗai, babu ado, sannan ku shiga ɗauka. Irin wagga waƙa in ta zo hannunmu, ba sai an roƙe mu ba. Allah shi ba ku sa'a, shi sa albarka cikin sana'arku.