RUWAN ƘASA: A MAI DA SHI WAƘAFI A RUBUCE



Duk wanda ya taɓa koro shanu daga Dakwaro ko Tanut zuwa Jibiya ko Mai'aduwa da bazara ya san ribarsa a mashaya take. Saniya guda takan sha lita 30 ko fiye a yini. In ta kwana biyu ba ta ƙoshi ba, kafin ta shiga kara ta rame, mai saye kuma ba ya biyan kuɗin wahala. Don haka maganar wa ke da ikon ruwan ƙasa, tamu ce.

A 2001 gwamnatin Nijar ta raba kamfanin ruwa gida biyu: SPEN ya riƙe kadarori, SEEN kuma, wanda kamfanin Faransa da daga baya aka sani da Veolia ke da kashi 51 cikin ɗari a ciki, ya karɓi raba ruwa da karɓar kuɗi a birane. Aka tafi haka har ƙarshen 2023, sannan ƙasa ta karɓi abinta ta kafa NDE. Gana ta yi irin wannan daga 2006 zuwa 2011, Kamaru ma ta karɓe nata a 2018. Madalla. Amma fa abin da sa hannu ya maido, sa hannu na iya sake bayarwa. Gobe in bashi ya ciwo wata gwamnati, me zai hana?

Akwai wata ƙasa a Kudancin Amurka, Uruguwai, wadda shanunta sun ninka mutanenta wajen sau uku. Ka ga ai 'yan'uwanmu ne a sana'a. A watan Oktoba 2004 suka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 60 cikin ɗari suka amince a rubuta cikin tsarin mulki cewa ruwan sha haƙƙin kowa ne, kuma hukumar ƙasa kaɗai za ta raba shi. Ke nan minista ba ya iya sayarwa shi kaɗai a ofis, sai an koma ga jama'a.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Tun muna makaranta aka karantar da mu yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Waƙafi ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Irin wannan kullin muke so a yi wa ruwan ƙasa.

Sai dai kada a tsaya ga famfon birni, nan ne inda muka fi damuwa. Dokar makiyaya ta 2010 ta hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai, amma wa ke duba abin da ke faruwa a bakin rijiya? Bara, a wani foraj da ba za mu kama suna ba, wanda aka ba riƙon wurin ya ƙara kuɗin shayarwa da ganin garkenmu, don ya san babu wani ruwa sai an yi tafiyar yini guda. Muka biya, ya muka iya? Rijiyar ta gwamnati ce, farashin kuwa nasa.

Abin da muke roƙon shugabannin ƙungiya su kai gaba shi ne a rubuta cikin babbar dokar ƙasa cewa ba a sayar da kamfanin ruwa, ba a jinginar da shi, sai da ƙuri'ar jama'a. Rijiyoyi da foraj na kan burtali su shiga ciki, a kafa allon farashi a bakin kowanne, kuma duk kwantaragin riƙo a karanta shi a fili, da Hausa da Fulatanci da Tamashek, gaban masu shayarwa kafin a sa hannu.