Maɓalli ɗaya na iya juya maganar shaida: yadda marubucin kotu ke saita na'urarsa

A wannan makon za mu leƙa kotunan Amurka, inda ake samun wani ma'aikaci zaune kusa da alƙali, da 'yar na'ura a gabansa bisa ƙarfe mai ƙafa uku. Ba ya cewa uffan, amma duk abin da alƙali da lauyoyi da shaidu suka furta yana shiga hannunsa. Shi ne marubucin kotu, na'urar kuma ana kiranta sitenotaif. Abin da ya ja hankalinmu shi ne irin kulawar da yake ba maɓallanta, domin a wannan aiki ƙaramar matsala a maɓalli ɗaya tana iya sa a rubuta wa mutum abin da bai faɗa ba.

Bari mu fara da sanin na'urar. Maɓallanta 22 ne kacal, sai wani dogo a sama na rubuta lambobi. Tsarin ya samo asali ne daga wani Ba'amurke mai suna Ward Stone Ireland a farkon shekarun 1910, kuma har yau shi ake bi. Ba harafi-harafi ake bugawa ba kamar a tafireta ko kwamfuta. Ana danna maɓallai da yawa a lokaci guda, bugu ɗaya ya ba da gaɓa ɗaya ko ma kalma sukutum. Hannun hagu yana riƙe da baƙaƙen farkon gaɓa, manyan yatsu biyu suna kan wasula, hannun dama kuma yana kan baƙaƙen ƙarshe. Da haka ake kamo saurin bakin mutum. Ƙungiyar marubutan kotu ta Amurka, NCRA, tana da wata shaidar ƙwarewa da ba ta bayarwa sai mutum ya rubuta tambaya da amsa a saurin kalma 225 a minti ɗaya, kuma kashi 95 cikin 100 ya fita daidai.

To ina hatsarin yake? Tunda maɓallan ba su kai yawan haruffa ba, wasu haruffan haɗa su ake yi. A hannun hagu, T da K tare suna ba da D, P da W suna ba da B. A hannun dama, P da B tare suna ba da N. Mu ɗauki kalmar Turanci "can", wato iyawa. Ana buga ta da KAPB. Idan maɓallin P bai kama ba, saura KAB, kalmar ta koma "cab", wato tasi. Idan kuma aka bi sauti aka ƙara T a ƙarshe, ta zama "can't", wato rashin iyawa. Ke nan tsakanin shaidan da ya ce yana iya gane wanda ake tuhuma da wanda ya ce ba ya iyawa, maɓalli ɗaya ne. Haka lambobi: idan aka haɗa da dogon maɓallin sama, P na hagu shi ne 3, H da ke maƙwabtaka da shi kuma 4. Yatsa ya ɗan goga H, 3 ta zama 34.

Wannan rubutu shi ne kundin shari'a. Idan aka ɗaukaka ƙara, alƙalan sama ba su ga shaidan ba, ba su ji muryarsa ba, takardar kawai za su karanta. Shi ya sa marubucin kotu ba ya wasa da abubuwa uku da ake saitawa a na'urarsa.

Na farko shi ne zurfi, wato nisan da maɓalli ke nutsewa idan an danna shi. Idan ya yi zurfi da yawa, yatsu za su riƙa doguwar tafiya, sauri ya ragu, hannu ya gaji. Idan kuma ya yi gajere ainun, yatsu ba sa gama ɗagowa kafin bugu na gaba, sai bugu biyu su cure su zama ɗaya.

Na biyu shi ne tauri, wato ƙarfin da ake buƙata kafin maɓalli ya sauka, da saurin da yake dawowa sama. Mai nauyin hannu yakan so ɗan tauri, mai sauƙin hannu kuma ya fi son laushi. A na'urorin zamani, irin waɗanda kamfanin Stenograph ke ƙerawa, da ɗan yatsa ake murza wasu ƙananan wilai a saita zurfi da tauri.

Na uku, wanda ya fi buƙatar haƙuri, shi ne saurin jin kowane maɓalli, wato daidai inda zai kai a saukarsa na'ura ta ƙirga cewa an danna shi. Wannan ɗaya bayan ɗaya ake yi, domin yatsunmu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗan ƙaramin yatsa ba ya dannawa kamar manuniya, don haka maɓallansa sukan so a ƙara musu saurin ji, kada haruffansu su riƙa faɗuwa. Maɓallin da yatsa ke yawan gogawa bisa kuskure kuma sai a rage masa, kada ya riƙa cusa harafin da ba a nema ba. A tsofaffin na'urori ƙananan sukurori ake juyawa, a sababbi kuma a kan allon na'urar ake yi.

Ƙa'idar masu aikin ita ce, kada a taɓa abu biyu a lokaci guda. A canja ɗaya, a yi rubutu na ɗan lokaci, a karanta abin da ya fito, sannan a ga ko an samu sauƙi. Wanda ya murza komai a zama ɗaya ba zai san abin da ya gyara da abin da ya ɓata ba. Kuma ba a safiyar shari'a ake gwaji ba, a gida ake yi lokacin atisaye. Akwai kuma tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa da gaskiya: laifin na'ura ne ko na yatsa? Idan harafi ɗaya ne ke faɗuwa a kowace kalma, a duba maɓallin. Idan a kalma ɗaya ce kawai ake tuntuɓe, hannu ne ke son horo.

Sai kulawar yau da kullum. Na'urorin da suna buga haruffa a kan siririyar takarda mai ninki, suna son tawada da ɗigon mai a gaɓoɓinsu. Na yanzu da yawa ba sa amfani da takarda, amma ƙura da gumi da ɓurɓushin abinci har yanzu abokan gabarsu ne. Ana goge maɓallai da ƙyalle mai laushi, a rufe na'ura idan an tashi, a duba cajin batir, a daidaita tsayin ƙafafunta yadda wuyan hannu ba zai lanƙwashe ba. Wasu sukan manna fata ko roba a kan maɓallai don kada yatsa ya zame. Lokaci zuwa lokaci kuma a kai ta wurin ƙwararren mai gyara ya buɗe cikinta, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A nan Najeriya, a kotuna da dama alƙali ne da kansa ke rubuta bayanan shari'a da biro, lauya da shaida suna jira ya gama layi kafin su ci gaba. Mu da ke karatun lauya ko aikin jarida ko kwamfuta, ya kamata mu san cewa akwai sana'ar da aka gina don ɗauke wannan nauyi. Mai son gwadawa ma ba sai ya sayi na'ura mai tsada ba, akwai manhajar kyauta mai suna Plover da ke ba da damar koyon wannan rubutu da kwamfuta, muddin allon maɓallanta yana karɓar dannawa da yawa a lokaci guda.

Kafin nan, kowannenmu yana da abin aikinsa: kalkuleta, kamfas, kwamfuta ko keken ɗinki. Mu duba shi tun kafin ranar jarrabawa, mu san inda yake ciwo. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.