Faifan Kakanninmu Na Narkewa, Mu Kuwa Muna Tafa Wa Na Wasu

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta kama wasunmu a jami'ar nan, kuma ya kamata a faɗa. Za ka ga ɗalibi ya zauna yana koɗa kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka, har yana lumshe ido, amma da ka ambaci goge ko kukuma sai ya yatsine fuska, wai kiɗan ƙauye ne. To, malam, bari in tuna maka.

A 1941 wani masani, Alan Lomax, ya ɗauki na'ura ya tafi gonakin auduga na Misisifi, ya naɗi muryar wani manomi, Muddy Waters, aka adana ta a ɗakin karatu na majalisar Amurka. Shi ma ɗan ƙauye ne. Mutanensa sun adana shi, shi ya sa ka san shi. Ali Farka Toure na Mali kuwa, har ya rasu a 2006 yana nuna wa duniya cewa jijiyar wannan kiɗa tana Afirka ta Yamma.

Mu fa? Ina yaro a ƙasar Batsari na ga masu kalangu sun kwana suna kiɗan biki, tsofaffi na liƙi, mata na guɗa. A gidanmu akwai garmaho da tulin faifai na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya. Ku je Ruma ko Runka yau ku tambaya. 'Yan bindigar dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama, kiɗan dare ya yi wuya, wanda ke gudun ransa kuwa ba ya tsayawa ɗaukar faifai. Waɗanda suka rage, zafi na lanƙwasa su, ƙura na cinye su, yara na wasan gare da su.

Wani zai ce ai duk suna intanet. Ina! Na Shata da ire-irensa ne suka shiga. Makaɗin garinku da aka naɗa sau ɗaya tak a kaset, wa ya sa shi? Tsohon da ya san wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta, in ya kwanta dama, wa za a tambaya?

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Mun iya karrama mawaƙi, amma adana aikinsa ya gagare mu.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Hausa: kowane ɗan Batsari da Safana, in ya je hutu, ya nemi faifai da kaset a wurin dangi, ya juya su a kwamfuta, ya rubuta sunan makaɗi da garinsa da bayanin tsofaffi, ya mai da wa masu su kayansu. Malamanmu su ware mana wurin ajiya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu ji, amin.