Amshi Na Mutuwa A Birnin Dabo, Ina Matasa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano, ko a Madabo ne, ko Kabara, ko Koki, ko Mandawari, ya san wani sauti wanda ba sai an gaya masa sunansa ba. Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, bayan sallar isha'i, sai a ji shi yana tashi daga zauruka da ƙofar gidajen malamai: mutum ɗaya ya ja baiti, mutum talatin ko arba'in su karɓe da murya ɗaya. Wannan shi ne amshi. Da shi aka reni birnin nan, kuma da shi yara da yawa suka fara sanin Annabinsu tun kafin su iya haɗa baƙi. To amma abin takaici shi ne, yau amshi yana ja da baya, kuma waɗanda ya kamata su riƙe shi, wato matasa, su ne suka fara sakin sa.

Ɗan'uwa mai karatu ya leƙa majalisin sha'irai na wannan zamani ya gani da idonsa. Sau da yawa sha'iri ya riga ya je situdiyo shi kaɗai, ko da mutum biyu, mai kwamfuta ya ɗauki muryarsa, ya ninka ta, ya ɗora mata fiyano. Ranar majalisi sai a jona waya da lasifika, shi kuma ya riƙe abin magana yana motsa baki. Jama'ar da a da su ne 'yan amshi, yanzu sun koma 'yan kallo: wasu na liƙi, wasu na ɗauka da waya. Wannan kuwa ba yau ya fara ba. Tun a shekarun 1990 wasu ƙungiyoyi a Kano suka shiga ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora masa kalmomin bege. Daga aron kari aka koma aron kayan kiɗa, daga nan kuma aka sallami 'yan amshin baki ɗaya.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Ai waƙa ce kawai. Wanda ya faɗi haka bai duba tarihi ba. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa a lokacin haƙar ramin Khandak, a shekara ta 5 bayan hijira, Muhajiruna da Ansaru suna haƙa suna rera baituka tare, Manzon Allah (S) yana amsa musu, ga yunwa ga sanyi. Haka aka yi lokacin da ake ɗaukar tubali don gina masallacin Madina. Muryar jama'a ce ta sauƙaƙa aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

A ƙasar Hausa kuwa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa ba su tsaya ga littattafan Larabci kawai ba. Sun zuba tauhidi da fiƙihu da wa'azi a cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, saboda sun san makiyayi da manomi da matar aure ba za su zauna su buɗe littafi ba, amma za su riƙe baiti. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta kafa tsarin 'Yan Taru: jaji ta zo ta haddace, ta koma ƙauye ta ja, mata su amsa. Ishiriniyar Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a Fas a 1230, ta ƙetare sahara ta zauna daram a zaurukan Kano, baiti ashirin ashirin ga kowane harafi, har mutanen da ba su yi zurfi a Larabci ba suka riƙe ta da ka saboda yawan amsawa. Imfirajin Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya da ya rasu a 1990, ta bakin masu ja da masu amshi ya zaga ƙasar nan. Maukibin Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950 har yau yana fitar da dubban mutane kan titunan birni a watan Rabi'us Sani, ayari ayari, kowane da mai ja da masu karɓa. Zawiyoyin Tijjaniyya suna da nasu. Makarantun Islamiyya na kowane ɓangare suna da nasu, inda yara ke koyon farillan alwala da rukunan imani da rerawa. Ke nan amshi ba kayan ƙungiya ɗaya ba ne, gadon gari ne.

Abubuwa uku amshi ke yi waɗanda na'ura ba za ta taɓa yi ba. Na farko, yana dasa ilimi. Wanda ya amsa baiti sau ɗari ya haddace shi, wanda ya saurare shi sau ɗari a waya kuwa sautin fiyanon kawai zai riƙe. Na biyu, yana koya ladabi. Ɗan amshi dole ya rage muryarsa don ta shiga ta 'yan'uwansa, ya jira a ja kafin ya karɓa, ya zo gwaji a kan lokaci. Saurayin da ya koyi haka ya koyi zama cikin jama'a. Na uku, kuma shi ne mafi girma, amshi rariya ce. Baitin da zai bi ta bakin mutum arba'in, a zauren da malami ke zaune, da wuya kuskuren aƙida ko kalmar rashin ladabi ta wuce ba a tare ta ba. Wani dattijo zai ɗaga hannu ya ce, tsaya yaro, sake wannan. A situdiyo kuwa babu mai cewa tsaya. Daga bakin sha'iri sai wayar mutum dubu. A 2020 Kano ta ga yadda waƙa guda da aka tura ta WhatsApp ta kai ga ƙona gida da shari'ar da ta ɗauki shekaru. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan wannan lamari, zai yarda cewa gyara a zaure kafin magana ta fita ya fi wuta a titi bayan ta fita.

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya za a dawo da amshi? Faɗa da tsinuwa ba za su dawo da shi ba. Saurayi yana bin abin da ake girmamawa ne. Idan mai fiyano ake yi wa liƙi, fiyano zai nema. Saboda haka sai an samar da fagen da za a girmama muryar jama'a, a auna ta, a ba ta daraja a bainar mutane. A nan ne ya kamata a dubi abin da wasu al'ummu suka yi.

Akwai wata gasa da ake kira World Choir Games, wato gasar ƙungiyoyin rera waƙa ta duniya, wadda wata ƙungiya ta Jamus mai suna Interkultur ke shiryawa. An fara ta a birnin Linz na ƙasar Ostiriya a shekara ta 2000, ana yin ta duk bayan shekara biyu, kuma a 2018 ta zo Afirka karo na farko, a Tshwane ta Afirka ta Kudu. Ƙungiyoyi ɗaruruwa daga ƙasashe da dama suke haɗuwa, a yi tarukan rerawa ga jama'a, a kuma yi gasa rukuni rukuni. Alƙalai suna ba da maki a kan daidaituwar murya, da haɗuwarta, da riƙe karin waƙar yadda aka tsara shi. Duk ƙungiyar da ta kai wani adadin maki tana samun lambar zinare, ko azurfa, ko tagulla, ba wai ɗaya ta ɗauka saura su koma da haushi ba. Ƙungiyar Lagos City Chorale daga Ikko ta sha zuwa ta dawo da lambobi. A Uyo kuwa, a Disambar 2014, mutum 25,272 suka tsaya suka rera waƙoƙin Kirsimeti tare har aka rubuta su a littafin bajinta na Guinness.

Mafi ban mamaki shi ne labarin Istoniya, wata ƙaramar ƙasa a arewacin Turai wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Tun 1869 suka fara bikin rera waƙa na ƙasa a garin Tartu. Yanzu duk bayan shekara biyar suke yin sa a Talin, mawaƙa wajen dubu talatin a kan dandamali ɗaya. Lokacin da Tarayyar Sobiyat ta danne su, wannan taro na daga cikin abin da ya riƙe musu harshensu da sanin ko su wane ne, har tarihi ya kira yunƙurin da ya kai su ga 'yanci a 1991 da sunan juyin juya halin waƙa. Mutanen da suka saba haɗa murya ba su da saurin tarwatsewa.

Nan take wani zai miƙe ya ce wannan kwaikwayon Turawa ne da 'yan coci. Amsa ita ce, ba waƙarsu za a ɗauko ba, ba kuma kayan kiɗansu ba. Amshi yana Kano tun kafin Bature ya shigo da yaƙi a 1903. Abin dubawa shi ne tsari, kuma tsarin ma akwai shi a gida. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, daga izu biyu har izu sittin da tafsiri, gwaraza kuma su wuce gasar duniya irin ta Sarki Abdul'aziz a Makka. Kano ta karɓi baƙuncinta a 2021. Kada wani ya juya magana: Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma babu abin da za a jera da shi. Amma kowa shaida ne cewa musabaƙa ta sa yara da iyaye sun ɗauki tajwidi da gaske, ta sa makarantu sun nemi ƙwararrun malamai. Darasin shi ne, abin da aka kafa wa alƙalai da ma'auni yana gyaruwa. Ƙasashen Musulmi ma sun gane haka. A Jawa ta Indonesiya ana gasar ƙungiyoyin yabon Annabi (S) tsakanin makarantu da masallatai, a Fas ta Maroko kuma tun 1994 ake bikin waƙoƙin addini na duniya.

To wane irin fage ya dace da Kano? Gasa ce ta shekara shekara ta ƙungiyoyin amshi, a fara daga unguwa, a hau ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, sannan jiha. Idan ta kafu sai a gayyato baƙi daga Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi, da Kaulaha, da masu madahu na Sudan, ta zama taron duniya. Amma sai da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko, murya zalla. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wasu har a kan bandiri, kuma gasa ba wurin warware wannan saɓani ba ne. Murya ita ce inda mafi yawa za su iya zama a tabarma ɗaya. Na biyu, kada ƙungiya ta gaza mutum ashirin, kuma lada na ƙungiya ne, ba na mai ja ba. Na uku, a miƙa baitukan a rubuce tun kafin ranar, malamin tauhidi ya duba ma'ana, masanin Hausa da arulli ya duba kari da amsa-amo, tsohon sha'iri ya saurari haɗuwar murya, kuma maki mafi yawa ya tafi ga ma'ana. Na huɗu, babu habaici, babu zambo ga wani malami ko wata ƙungiya. Duk wanda ya yi, an cire shi. Na biyar, babu liƙi, babu sa sunan ɗan siyasa ko attajiri a baiti. Na shida, a ware rukunin tsofaffin ƙasidu da karinsu na gado, don a tilasta wa matasa komawa gaban dattawan da suka iya. Makarantun 'yan mata su sami nasu rukunin da nasu zaman, kamar yadda ake yi a musabaƙa.

Akwai masu tsoron cewa gasa tana jawo riya da hassada. Wannan tsoro gaskiya ne, ba abin rainawa ba ne. Amma riyar ai tana nan yanzu, kuma ta fi ƙarfi a inda mutum ɗaya ke tsaye ana zuba masa kuɗi a goshi. A cikin sahun mutum arba'in, wa zai nuna kansa? Wanda ya ɗaga murya don a ji shi, shi ne zai jawo wa ƙungiyarsa asarar maki. Idan kuma aka bi tsarin maki, aka sa kyauta ta zama littattafai da tabarmi ga makarantar, babu abin da za a yi hassada a kai.

Daga ƙarshe, wannan aiki ba na jiran gwamnati ba ne. Dattawan da suka riƙe tsohon karin Ishiriniya da Burda suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda aka kai makwanci ya tafi da abin da ke ƙirjinsa. Saurayin da ya karanta wannan bayan ya fito daga masallacin Juma'a yana iya farawa tun yau: ya nemo abokai ashirin a unguwarsu, su je su durƙusa gaban malamin da ya iya, su roƙe shi dare ɗaya a mako, su ajiye wayoyi a ƙofar zaure. Idan unguwa goma suka yi haka, gasa ta samu kafin a kafa mata kwamiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, murya ɗaya ma ba ta cika zaure.

Allah Ya ba matasa ikon riƙe gadon magabata, Ya tsare harsuna daga ɓarna, Ya haɗa zukatan Musulmi a kan alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.