MA'AIKATAN DUTSE, HAR YAUSHE ZA MU CI GABA DA ZAMAN BAƘUNTA?

Yau magana nake so in yi da 'yan uwana ma'aikata, musamman waɗanda albashinsu yake fitowa daga Dutse amma tukunyarsu tana Kano. Na san wasu za su ji haushi, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Kowa ya san yadda abin yake. Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci sai motoci su kama hanyar Wudil, wasu ma tun Alhamis da yamma sun sulale. Asabar da Lahadi unguwannin ma'aikata su yi tsit kamar an yi shara. Litinin da sassafe kuma a dawo a guje, wani da gyangyaɗi, wani sai ƙarfe goma sha ɗaya zai iso ofis, mai neman a sa masa hannu a takarda yana zaune a benci tun takwas. An ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, yau fiye da shekara talatin ke nan, amma har yanzu da yawanmu kallon sansanin aiki muke yi wa babban birnin jihar.

A da akwai uzuri, ban musa ba. Lokacin da aka yi jiha, Dutse hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai, gidan haya ma aiki ne. Daga baya a zamanin Saminu Turaki aka rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwan jihar, sai da Sule Lamido ya zo a 2007 aka dawo da su wuri ɗaya, aka gina sabuwar sakatariya, aka shimfiɗa tituna, aka yi filin jirgin sama. A 2011 gwamnatin tarayya ta kafa jami'a a garin. Dutsen da wasu suke ba da labari ta zamanin da ce, kuma yawancin masu cewa "ai ƙauye ne" ba su taɓa kwana a cikinta ranar Asabar ba.

Ni shekarata shida da kwaso iyalina muka tare a nan, kuma abu na farko da garin nan ya ba ni shi ne lokaci. Daga gidana zuwa ofis minti goma ne, ko a mota ko a acaɓa. Ina kai yara makaranta da kaina, in dawo gida in ci abincin rana, in yi la'asar a masallacin unguwa. Wanda yake zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo yana aiki a Hotoro ya san abin da nake nufi. Sa'o'in da cunkoso yake cinye wa mutum a babban birni ba ƙananan abu ba ne. A cikinsu ne ya kamata ka duba littafin ɗanka, ka je gaida mara lafiya, ka zauna karatu bayan magariba. A Dutse waɗannan sa'o'in naka ne.

Na biyu, aljihu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lissafin mai gida biyu ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa wuce 1,000. To ɗauki biro ka yi lissafi da kanka: zuwa Kano da dawowa sau huɗu a wata, kuɗin ɗakin da kake kwana a Dutse, abincin da kake saye a waje safe da dare, sannan cefanen gidan Kano da hayarsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Ko kana ɗaukar ninkinsa uku, wallahi gida biyu zai tatse ka. Shi ya sa za ka ga mutum da matsayinsa, amma ranar 15 ga wata ya fara neman wanda zai ranta masa.

Nan kuwa abinci a bakin gona yake. Kasuwar Shuwarin tana nan kusa, ka je ka auno gero da dawa da wake daga hannun waɗanda suka noma. Nono da man shanu Fulani suke kawowa har ƙofar gida. Lokacin dabino kuwa ba sai an faɗa ba, Dutse gidansa ce. Ba na cewa komai araha ne. Hayar gida ta tashi sosai tun da jami'a ta zo, musamman unguwannin da ɗalibai suke so. Amma har yanzu ƙaramin ma'aikaci yana iya sa ran mallakar fili a gefen gari ya riƙa gini a hankali, abin da a Kano ya zama mafarki ga irinmu.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, rai da tarbiyya. Wa ke cikinmu da bai san wani abokin aiki da hanyar nan ta ci ba, ko ta bar shi da karaya? Gudun safiyar Litinin don a riski ofis, da tuƙin yammacin Juma'a cikin gajiya, ba wasa ba ne. Mutum ya yi wannan sau ɗari a shekara, shekara ashirin, yana cewa Allah ne mai tsarewa. Haka ne, Allah ne mai tsarewa, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Sannan ga yara. Uban da ake gani kwana biyu a mako, rabinsu ma yana wurin ɗaurin aure da ta'aziyya, yaushe zai san da wa ɗansa yake yawo? Duk nauyin ya koma kan uwa ita kaɗai. Idan yaro ya fara shaye-shaye sai a ce zamani ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To na san amsoshin da ake bayarwa, don na sha jin su a majalisa.

Wani ya ce makaranta. Gaskiya ne Kano ta fi yawan makarantu masu suna. Amma ku tambayi kanku, wa zai zuba kuɗinsa ya buɗe babbar makaranta a garin da masu iya biyan kuɗin makaranta suka bar 'ya'yansu a wani gari? Haka zancen asibitin kuɗi yake, haka manyan kantuna. Mu ne kasuwar. Albashin da aka biya a Dutse ran 28 ga wata, kafin ran 30 ya isa Singa da Kantin Kwari. Tela da mai nama da mai shago na Dutse ba su ga ko ƙwandala ba, sannan mu dawo muna cewa garin ba ya motsi. Ta ina zai motsa?

Wani ya ce asibiti. Akwai babban asibitin gwamnati, akwai Rasheed Shekoni, kuma ciwon yau da kullum da haihuwa duk ana yi a nan. Idan abu ya yi tsanani har sai an dangana da asibitin Malam Aminu Kano, tafiyar ba ta wuce awa biyu. Zuwa Kano sau ɗaya a shekara don ganin ƙwararren likita ai ya fi zuwa sau hamsin don ganin iyalinka.

Wani kuma ya ce Hajiya ce ta ƙi. Wannan kam magana ce, kuma ba na raina ta. Mace da danginta da ƙawayenta da 'yar sana'arta duk suna wuri ɗaya, ka ce ta tattara ta bi ka inda ba ta san kowa ba, dole ta yi jim. Ba a yin wannan da tsawa. A zo hutu tukuna, ta ga gari, ta shiga islamiyya, ta san maƙwabta. Masu sana'ar hannu ma sukan fi samun ciniki a nan, don masu yi ba su yi yawa ba. Wanda kuma yake da tsofaffin iyaye da yake jinya a Kano, wannan uzurinsa karɓaɓɓe ne, ba da shi nake ba.

Ƙaramin gari yana da nasa. Kowa ya san motarka, kowa ya san inda ka tsaya jiya. Wuta tana yin halinta kamar ko'ina, wasu unguwannin ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, kuma wani kayan gyaran mota sai an aiko daga Kano. Bayan isha'i gari ya yi shiru, mai son hayaniya zai ji kaɗaici. Amma wannan sanin junan shi ne yake sa idan ɗanka ya yi ba daidai ba a layi, kafin ya iso gida labari ya riga shi. Ni dai ina ganin riba ce. Da yamma ka ɗauki yara ku zaga wajen Garu, su ga fadar sarki da duwatsun da garin ya samo sunansa, ku sha iska ku dawo ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Ga gwamnati kuma ina da roƙo. An aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kuma yana da reshe da zai zo Dutse. Duk ranar da jirgi ya fara zuwa, ko dai ya kawo mutane su zauna, ko ya sauƙaƙa musu guduwa kullum. Abin da zai raba gardama shi ne abin da aka tanada tun yanzu: filaye masu takarda da ma'aikaci zai biya a hankali daga albashi, ruwan famfo, magudanan ruwa, da makarantun gwamnati da babban sakatare ba zai ji kunyar sa ɗansa ba. A kuma hana yanka filaye barkatai ba titi ba kwata, kada mu wayi gari mun gina irin cunkoson da muka gudo daga gare shi. Manya su fara nuna misali. Kwamishinan da iyalinsa ke Dutse ba sai an kai masa rahoton cewa babu ruwa a unguwa ba.

Wannan magana ba ta Dutse kaɗai ba ce. 'Yan uwanmu na Damaturu da Gusau da Birnin Kebbi su ma su duba, wataƙila su ga kansu a ciki. Ɗan uwa, kafin ka sabunta hayar gidan Kano a bana, zauna da maiɗakinka ku yi lissafin nan tare, na kuɗi da na lokaci da na yara.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, ya sa albarka a garuruwanmu. Amin.