Aku Da Madobiya: Doka Ta Fi Tausayin Mai Baki

Duk wanda ya je ziyara Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da rana tsaka, inuwa yake fara nema, kuma galibi ta dogon yaro yake samu a titunan Sakkwato, bishiyar da aka kawo daga Indiya. Itatuwan gida kuwa sai ƙara nisa suke yi da gari.

Madobiya na cikinsu. 'Yar dangin wake da gyaɗa ce, tana fitowa a dajin da bai cika duhu ba. Makiyaya na sassabe ganyenta su ba shanu da rani, masu maganin gargajiya na neman ɓawonta da jan ruwan da take zubarwa. Da kasuwar kujerun alfarma ta Sin ta gano jan katakonta, sai aka afka wa dazukan Taraba da Kogi, manyan motoci suna ta jigilar gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas.

Aku kuwa kowa ya san shi, ko da daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ne, inda ya kai matsayin waziri. Toka-toka ne mai jan wutsiya, mazauninsa kurmin kudu da ƙasashen Kwango, kuma a kogon manyan itatuwa yake ƙwai. Bakinsa ne ya jawo masa keji. A Gana, bincike ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na akun ƙasar sun ɓace tun daga 1992.

A taron yarjejeniyar cinikin dabbobi da tsirran daji ta duniya, CITES, na 2016 a Johannesbag aka duba su biyun. Aku ya shiga rukunin farko, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Madobiya ta tsaya a rukuni na biyu, wato a sayar da ita amma sai da takardar izini. Ba a jima ba, a 2018, aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita.

Wannan bambanci bai dace ba. Tsuntsu yana kuka a ji tausayinsa, ita kuwa bishiyar da ta shekara hamsin tana girma, injin yanka kan kwantar da ita kafin a gama shan fura. Ya kamata malaman da ke wa'azi a masallatan kewayen Hubbare su riƙa ambaton ladan dasa itace, gwamnatin jiha kuma ta sa madobiya da maɗaci cikin irin da take rabawa duk damina.