Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Ɗalibanmu Na Kilomita Biyar Da Nauyin Da Ke Kan Malaman Jami'a

  

Ranar Laraba 25 ga watan Yuni 2025, ɗalibai fiye da 5,000 suna zaune a makarantar Barthélemy Boganda a nan Bangui suna rubuta jarrabawar bakaloriya, sai taransifomar wutar lantarki ta fashe a cikin harabar makarantar. Aka yi turmutsutsu, wasu suka diro daga bene, wasu aka tattake su a bakin ƙofa. Alƙaluman farko da hukuma ta bayar sun ce mutum 29 suka rasu, fiye da 200 suka jikkata, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Allah Ya ba iyayensu haƙuri.

An yi ta magana a kan waɗanda suka rasu da kuma wanda ke da laifi, kuma ya kamata a yi. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka fita da ƙafafunsu. Daga baya an ƙarasa jarrabawar, waɗanda suka ci kuwa da yawansu yanzu suna zaune a ɗakunan lacca na Jami'ar Bangui da sauran manyan makarantu, ɗaruruwa a ɗaki guda, ƙofa ɗaya ko biyu. Wa ke duba fuskokinsu?

Ku tambayi kanku, ya 'yan'uwa, me ya sa ƙarar taransifoma ta sa dubban matasa suka zabura haka. A fahimtata, yaron Bangui ya san abin da ƙara irin wannan take nufi tun yana ƙarami. Wanda aka haifa a 2006 yana da shekara bakwai ranar 5 ga Disamba 2013, lokacin da 'yan Anti-balaka suka afka wa birnin nan. Idan ɗan Kilomita Biyar ne, ya girma a unguwar da ta zama kurkuku ba katanga: ƙetare gadar Jackson ko gadar Yakite sai da shahada, makaranta ta tsaya, har gawa ba ma iya kaiwa maƙabartar Boeing sai da aka yi yarjejeniya da maƙwabta a 2016. Ya ga tashin hankalin Satumba 2015. Ya ga ranar da Paparoma Francis ya shigo babban masallacinmu na Koudoukou, 30 ga Nuwamba 2015, muka ɗauka an gama, sai ga harbe-harben Afrilu 2018, sai ga faɗan 'yan kasuwa da masu bindiga a Disamba 2019. Wannan yaron ne yau yake ɗaukar jaka ya bi titin Koudoukou zuwa titin Martyrs inda jami'a take. Tafiyar ba ta da nisa, amma kayan da ya ɗauko a ƙirji malaminsa ba ya ganinsu. Kuma ban ce 'ya'yanmu kaɗai ba ne. Ɗan Fatima da ɗan Boy-Rabe su ma da nasu, harsashi bai taɓa tambayar addinin kowa ba.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini ɗansa bayan sallar la'asar, wai in yi masa ruƙiya, aljanu sun hana shi karatu. Yaron yana wata babbar makaranta a garin nan. Na ce uban ya ba mu wuri. Mun fi rabin sa'a bai ce komai ba sai "lafiya lau, Malam". Can sai ya ce a tsakiyar jarrabawa iska ta buga ƙofa da ƙarfi, bai san lokacin da ya tsinci kansa a waje ba, jikinsa na rawa. Mai tsaron jarrabawar ya ɗauka satar amsa ce ta kore shi, aka ba shi sifili. Kunya ta hana shi komawa, tsoron uba ya hana shi faɗa a gida. Wata biyu kullum yana shiri da safe ya fita, ya je ya zauna a shagon abokinsa har yamma. Ban ɗora wa mai tsaron nan laifin mugunta ba, abin da ya sani ya yi aiki da shi. Amma da ya bi yaron waje ya tambaye shi abin da ya faru, da shekarar ba ta salwanta ba.

Matsalar ke nan. Ɗalibin da ke cikin ƙunci ba ya zuwa ofis ya ce ina cikin ƙunci, balle ɗanmu da muka rena a kan cewa namiji ba ya kuka. Ciwon yana fitowa ne cikin rigar lalaci ko rashin kunya. Abin da malami zai sa wa ido shi ne canji: mai zama a gaba ya koma can ƙurya, mai makin kirki ya fara ba da takarda fara, mai tsafta ya zo da riga ɗaya mako guda, mai fara'a ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai mai gyangyaɗi a aji domin dare ba ya barci, akwai mai zabura idan babur ya yi ƙara, akwai wanda ba ya yarda ya zauna sai kusa da ƙofa. Wani kuma idonsa ya yi ja, maganarsa ta yi nauyi, ya faɗa wa taramol don ya samu ya manta. Ɗaliba kuwa idan ta fara ƙaurace wa darasin mutum ɗaya tak, alhali tana zuwa sauran, a bincika da kyau, ruwa ba ya tsami banza. Likitoci suna cewa baƙin ciki da yanke sha'awar komai idan suka zarce mako biyu suna hana mutum harkokinsa, to ya wuce ɓacin rai na yau da kullum.

Mu Musulmi wannan lura ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan tsaya ya tambayi ƙanen Anas ɗan Malik labarin ɗan tsuntsunsa, wasu ruwayoyin kuma sun bayyana cewa tsuntsun ya mutu ne, ya ga yaron cikin damuwa. Shugaban al'umma ke nan, da yaro ƙarami, a kan tsuntsu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya tarar da wani sahabi zaune a masallaci ba lokacin salla ba, ya tambaye shi dalili, ashe damuwa da bashi ne suka dame shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan na biyun, amma darasinsa a fili yake: ganin mutum inda bai saba zama ba, a lokacin da bai saba ba, ya isa a tambaye shi.

To idan malami ya lura, sai me? Kada ya kira sunan ɗalibi a gaban aji. Ya tsayar da shi bayan darasi, ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai: na ga kwana biyu ba ka zuwa, na ga ka rame, lafiya? Sannan ya yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi wuya a gare mu masu koyarwa, domin mun saba mu ne masu magana. Kada ya tilasta masa ba da labarin abin da ya gani, kada ya ce ai wasu sun fi ka shan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani jagora a 2011 a kan taimakon farko ga wanda hankalinsa ya tashi, ta gina shi a kan abu uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa shi da mai taimako. Ba a ce ka zama likita ba. Sau da yawa ma abin da ke cin yaron abu ne da ofis zai iya warwarewa: kuɗin rajista, jarrabawar da ta wuce shi, ko takardar haihuwa da ta ƙone tare da gidansu, ga kuma wahalar da mai sunan Musulmi ke sha kafin ya samu katin ɗan ƙasa. Shi ya sa magatakardan ofishin rajista da mai gadin ƙofa suna cikin wannan magana, sukan riga farfesa ganin hawaye.

Abin da ɗalibi ya faɗa amana ce, ba ta hirar ɗakin malamai ba. Idan mace ce, a bar ƙofa a buɗe ko a haɗa ta da malama. Wuri ɗaya ne amana ba ta hana magana: idan ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya fara rabar da kayansa yana bankwana. A nan a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, ba lokacin karanto masa hukuncin haramci ba ne, ya san shi. Kada a bar shi shi kaɗai, a nisantar da magunguna da makami, a kira wani nasa da ya yarda da shi, a kai shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na babban asibitin koyarwa na Bangui. Wadda aka ci zarafinta kuma, cibiyar Tongolo ta ƙungiyar likitoci ta MSF tana karɓarsu.

Mu ma malaman masallaci da namu laifin. Duk yaron da ya yi shiru sai mu ce raunin imani ne ko shafar aljani. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Sa'ad da nake karatu a ƙasar Larabawa na ci karo da littafin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake, yana buƙatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan. Ruƙiya gaskiya ce, ni ma ina yi, amma ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana mai zazzaɓin cizon sauro shan magani.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, domin wasunsu muna sahu ɗaya da su: mutum ɗaya a gaban ɗalibai ɗaruruwa, haƙƙinsa na koyarwa ma sai an yi yajin aiki kafin a biya, shi kansa ya binne nasa a 2014 ba wanda ya tambaye shi. Gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ma ba su kai yatsun hannu ba. Saboda haka ban nemi abin da sai an jira tallafin Turai ba. Kowane aji yana da wakilin ɗalibai, a ce masa duk wanda ya ɓace mako uku ya sanar. Kowace tsangaya ta ware mutum biyu, namiji da mace, da sa'a biyu a mako, a manna sunayensu a allo. A buɗe hanyar sake jarrabawa ga wanda ya kawo takardar likita. Jami'ar nan tun 1969 take, kuma Shugaba Faustin-Archange Touadéra ya taɓa zama shugabanta, ya san yadda ɗakunan nan suke cika, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Yaron da na ba ku labari, mun samu wani malami a makarantar tasu da ya saurare mu, ya koma aji, yana kuma ganin likita. Abin da ya roƙa guda ɗaya ne, a bar shi ya riƙa zama a kujerar bakin ƙofa, kuma kada a kulle ta lokacin jarrabawa. An yarda masa.